Sauya adadin samfuri: wajen ɗanɗana fayil ko bayan an shigar da shi?

Ɗan'uwa, ka ce aikin waƙarka yana kan 48 kHz (wato ana auna sautin sau 48,000 a daƙiƙa, kowane awo shi ne samfuri), fayilolin gangunan da ka sauke kuma 44.1 kHz ne, kana so ka san dalilin da ya sa abin da kake ji wajen ɗanɗana fayil, wato sauraron sa kafin shigarwa, yake ɗan bambanta da abin da kake ji bayan ka jawo shi cikin aikin.

Katin sauti agogo ɗaya yake bi. In an saita shi kan samfuri 48,000 a daƙiƙa, duk fayil ɗin da ya zo da 44,100 sai an sake lissafa shi. In ba a yi hakan ba, fayil mai daƙiƙa 60 zai ƙare a wajen 55, murya kuma ta haura kusan samiton ɗaya da rabi (samiton shi ne tazarar maɓalli ɗaya zuwa na kusa da shi a piyano). Wannan ko wanda bai san kiɗa ba zai gane.

Sauyin da ake yi wajen ɗanɗano na nan take ne. Kana danna fayil ana lissafi ana fitar da sauti, ga sauran layukan aikin suna cin ƙarfin kwamfuta. Shi ya sa manhaja kan zaɓi lissafi mara nauyi. Mafi arha shi ne a ja miƙaƙƙen layi tsakanin samfuri biyu a yi kirdadon na tsakiya. Ganga mai kauri ba ta damu ba, amma siraran sauti, irin su kuge da harafin "s" a bakin mawaƙi, sukan dushe ko su zo da ƙazanta. Matsalar ta fi tsanani in daga sama ake saukowa, misali daga 96 kHz zuwa 48: duk sautin da sirantarsa ta wuce 24 kHz, wato rabin 48, in ba a tace shi sosai ba, yakan naɗo ya dawo ƙasa, wani har cikin abin da kunne ke ji.

Sauyin da ake yi a rubuta sabon fayil kuwa ba ya gaggawa. Lissafin yana duban samfura masu yawa gaba da baya, sau ɗaya, an gama. Haka manhajar haɗa sauti ta Pro Tools take yi wajen shigarwa, har ta ba ka zaɓin inganci. A sauran manhajojin, Reaper ya raba saitin saurare da na fitarwa, Ableton Live kuma yana da maɓallin Hi-Q mai ƙara ingancin sauyin nan take. Manhajar SoX ma, wadda kyauta ce, tana rubuta sabon fayil tsaf. Abin da za ka biya shi ne wuri a faifai da ɗan jira.

Ni dai a ganina ɗanɗano na zaɓe ne kawai, kada ka gyara siraran sauti a kansa. Fayil ɗin da zai zauna a waƙar, sauya shi sau ɗaya daga na asali, ka ajiye na asalin.

Amma kafin ka ɗora wa sauyin laifi, duba ko wurin ɗanɗanon yana daidaita fayil da saurin kiɗan aikinka, ka kuma duba ƙarfin muryarsa. Miƙa sauti don ya bi kiɗa ya fi sauya 44.1 zuwa 48 taɓa shi nesa ba kusa ba.