Active-backup ko LACP: wanne za ka ɗora wa sabarka?

Malam, ka ce kana da saba mai Linux da kafofin sadarwa biyu, kana so idan ɗaya ta mutu ɗayar ta karɓi aiki ba sai an tashe ka da tsakar dare ba, amma ka rasa na zaɓa tsakanin active-backup da LACP. Dukansu haɗe kafofin suke yi su zama guda, bond0, mai adireshi ɗaya. Inda suka rabu shi ne abin da kowanne yake nema daga suwic, wato na'urar da ake soka wayoyin sadarwa a cikinta.

Active-backup shi ne yanayi na 1 a tsarin haɗe kafofi na Linux. Kafa ɗaya ke aiki, ɗayar tana zaman ko-ta-kwana. Suwic bai ma san an yi haɗi ba, saboda haka ba ka taɓa saitinsa. Kana iya soka waya ɗaya a wannan suwic, ɗayar a wancan, ko da ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba, in dai VLAN ɗinsu, wato sashen hanyar sadarwa da aka ware musu, ɗaya ne. Da zarar an sauya kafa, saba takan aika sanarwar ARP, saƙon da ke faɗin wace na'ura ce ke da wane adireshi, don a san ta koma sabuwar hanya. Aibinsa ɗaya: gigabit biyu ka saya, ɗaya kake mora.

LACP yanayi na 4 ne, ƙa'idar IEEE 802.3ad ta shekarar 2000, wadda aka mayar 802.1AX a 2008. Kafofin biyu duk suna aiki, amma dole a saita suwic shi ma. Nan mutane ke ruɗuwa, su zaci gudu zai ninka. Ba haka ba ne. Kowace hira tsakanin kwamfuta biyu kafa ɗaya take bi, don haka kwafe babban fayil guda ba zai wuce gigabit ɗaya ba; sai masu shigowa sun yi yawa ake ganin amfaninsa. Sannan in kana so ka raba wayoyin a suwic biyu su yi aiki tare, sai suwic ɗin sun iya zama kamar guda, ta MLAG ko irinsa. In ba su iya ba, akan soke su duka a suwic ɗaya, ranar da wutarsa ta ɗauke kuwa, an tafi gaba ɗaya.

Abin da aka fi mantawa shi ne yadda saba ke gane kafa ta mutu. Saitin miimon=100 yana duba ko akwai haɗi duk milisakan 100, wato fitilar nan koriya ta bakin kafa kawai yake kallo. Suwic na iya yankewa daga sauran hanya fitilar tana nan tana ƙyalli, saba kuwa ta ci gaba da zuba bayanai a rijiya. A active-backup kana da magani: arp_interval da arp_ip_target, ka ba shi adireshin da zai riƙa taɓawa, har 16. LACP ba ya karɓar wannan. Nasa saƙon gaisuwa yake musaya da suwic, duk daƙiƙa 30 in ba ka canza ba, kuma sai an rasa uku a jere kafin ya ce kafa ta mutu, daƙiƙa 90 ke nan. Da lacp_rate=fast ya sauko zuwa 3. Ko a hakan, maƙwabcinsa kaɗai yake gani, ba abin da ke bayansa ba.

Tunda tsira daga yankewa ka tambaya, ba ƙarin gudu ba, ni active-backup zan ɗora, suwic biyu, da duban ARP. LACP sai kafa ɗaya ta fara cika kuma kana da MLAG.

Ko wanne ka ɗauka, gwada shi da hannu. Bar ping, umarnin da ke gwada ko ana isa wani adireshi, yana gudu, ka zare waya, ka buɗe /proc/net/bonding/bond0 ka ga wace kafa ce ta karɓa. Sai ka mayar da wayar ka sa ido, domin a nan aka fi shan mamaki: suwic mai tsohon STP, tsarin hana bayanai zagayawa a da'ira, yakan riƙe kafa daƙiƙa 30 kafin ya bar bayanai su wuce, saba kuma, in ka naɗa wannan kafar a matsayin ta farko da saitin primary, ta riga ta koma kanta. In da miimon kake aiki, sa updelay ya zarce wannan lokacin, ko ka sa primary_reselect=failure ta zauna inda take.