Air Arms S410: bindigar iska marar regileta da ba ta rasa saiti ba

Bindigar S410 da kamfanin Air Arms ke ƙerawa a garin Hailsham na Ingila tana cikin jinsin da ake cika wa iska tun kafin harbi, da famfo ko daga babban tulu, kuma gidan harsashinta yana ɗaukar guda 10. Ba ta da regileta, wato na'urar da ke zama tsakanin tulun iskar da ke jikin bindigar da bawul (ƙofar da ke sakin iska ta tura harsashi) tana sakin matsi iri ɗaya a kowane harbi, kamar yadda regiletar tukunyar gas ke yi wa risho. Masu saye da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin naƙasu, ni kuwa ban yarda ba.

Idan aka ja kunama, ƙaramar guduma tana bugun bawul ya buɗe na ɗan lokaci. Sa'ad da tulun yake cike maƙil, matsin da ke bayan bawul yana hana shi buɗewa sosai, don haka harsasan farko suna fita da ɗan rauni. Yayin da matsin ke raguwa, bawul yana daɗewa a buɗe, sai tsawon lokacin ya cike gurbin ƙarfin da aka rasa. A tsakiyar nan akwai jerin harbi masu yawa da gudunsu ke kusan zama ɗaya, kuma a nan ne bindigar ke nuna ƙwarewarta. Mai ita yana bukatar na'urar auna gudun harsashi da haƙurin rubuta sakamako, har ya gane matsin da zai tsaya a kai wajen cikawa da wanda zai daina harbi, maimakon ya dinga cika ta har ƙarshe.

A Ingila, inda doka ta taƙaita ƙarfin bindigar iska marar lasisi a kusan jul 16 (jul ma'aunin ƙarfin harbi ne), yawancin harbi bai wuce mita 30 zuwa 40 ba, kuma a wannan tazara ƙaramin bambancin gudu ba ya kauda harsashi kamar yadda iskar waje ko harsashi mai lanƙwasasshen gindi ke yi. Bututun S410 ƙirar kamfanin Lothar Walther ne na Jamus, kuma idan aka dace da harsashin da yake so, ramukan kan haɗe wuri ɗaya a jikin takarda.

Regileta tana da amfaninta, domin tana ƙara yawan harbi masu daidaito a cika ɗaya, abin da ya sa bindigar iska ta Weihrauch HW100 ke zuwa da ita, wasu kuma ke sa wa S410 ta kamfanin Huma na ƙasar Holan. Sai dai ƙarin kuɗi ce, kuma zobban robarta suna tsufa su fara yoyo. Mai gasa ko mai harbin nesa ya saya. Wanda ke harbin takarda ko ɓeraye a gona, S410 yadda ta fito daga masana'anta ta ishe shi.