Shudder, Manhajar da Ba Ta Nuna Komai Sai Finafinan Ban Tsoro

Shudder manhaja ce ta kallon finafinai ta intanet, mallakar kamfanin AMC Networks na Amurka, wadda aka fara gwajinta a shekarar 2015. Abin da ya bambanta ta da manyan takwarorinta irin su Netflix shi ne ta taƙaita kanta ga fanni guda, wato finafinan ban tsoro da danginsu na kusa, kamar na kisan gilla da na abubuwan ɓoye. Ana biyan kuɗinta ne wata-wata ko shekara-shekara, kuma tana aiki a Amurka da Kanada da Birtaniya da Ireland da Ostireliya da New Zealand. Wannan taƙaituwa ita ce naƙasunta na farko, domin mafi yawan mutanen duniya suna wajen waɗannan ƙasashe shida, ciki har da mutanen ƙasashen da aka shirya mafi kyawun finafinan da take nunawa.

A ganina, darajar Shudder ba a yawan finafinanta take ba, domin idan ana maganar yawa ba ta kama ƙafar manyan ba. Darajarta tana cikin zaɓe. Masu tace mata finafinai sun fahimci cewa razana daban take da tsoro. Razana ita ce a yi shiru a fim sannan a saki ƙara kwatsam tare da wata mummunar fuska, gaban mai kallo ya faɗi, bayan daƙiƙa biyar kuma ya yi dariya ya manta. Tsoro kuwa shi ne wanda yake bin mutum har shimfiɗarsa, kuma finafinan da suka iya haifar da shi kusan duk hanya ɗaya suke bi: suna ɗaukar abin da mutum ya amince da shi, ko gidansa ne, ko ɗansa, ko mai masaukinsa, su nuna masa cewa amincin ba shi da tushe.

Babu fim ɗin da ya nuna wannan kamar Speak No Evil, na ƙasar Denmark, wanda Christian Tafdrup ya ba da umarni a 2022. Babu aljani a cikinsa, babu fatalwa. Miji da mata ne 'yan Denmark da 'yarsu ƙarama suka haɗu da wasu ma'aurata 'yan Holland a wajen hutu a Italiya, daga baya aka gayyace su ziyarar ƙarshen mako, suka amsa don gudun kada a ce sun yi girman kai. Tun daga isarsu mai gida ya miƙa wa baƙuwar yankan naman aladen daji alhali ya san ba ta cin nama, ita kuma ta karɓa ta ci saboda kara. Daga nan cin fuska yake ƙaruwa kaɗan-kaɗan: an bar baƙon da biyan kuɗin abincin da aka gayyace shi, an tuƙa su a mota cikin maye, ana tsawata wa 'yarsu a gaban idonsu, su kuwa kullum suna nemo wa masu gidan uzuri. Akwai lokacin da suka tattara kayansu cikin dare suka gudu, sun riga sun hau hanya, sai yarinyar ta fara kuka cewa ta bar zomonta na wasa, uban ya juya kan mota. Wannan juyawar ta fi tayar mini da tsikar jiki fiye da duk jinin da na gani a manhajar, domin babu wanda ya ɗaure su, ƙofa a buɗe take tun farko, kawaicinsu ne kawai ya riƙe su. Mai kallo yana jin haushinsu, amma a ransa ya san sau nawa shi ma ya haɗiye abin da bai kamata ya haɗiye ba don kada a ga rashin kunyarsa. Wani kamfanin Amurka ya sake shirya labarin a 2024 tare da ɗan wasa James McAvoy, aka sauya ƙarshensa ya zama mai sauƙin haɗiya, kuma a wurina wannan sauyin ya cire wa labarin haƙoransa.

Daga Ajantina manhajar ta kawo ayyukan Demián Rugna guda biyu. Na farko, Terrified na 2017, ya faru ne a wata unguwa ta Buenos Aires, kuma yana ɗauke da wani fage da na daɗe ban ga kamarsa ba. Wani yaro ya mutu a haɗarin mota, an binne shi, sai uwarsa ta same shi ya dawo yana zaune a teburin cin abinci, jikinsa da ƙasar kabari, ga kofin madara a gabansa. Ba ya motsi, ba ya magana. Wani ɗan sanda da wani tsohon mai binciken gawa suna tsaye suna shawarar yadda za a yi da shi cikin muryar da ake tattauna matsalar aiki, kyamara kuma ta ƙi barin gawar, har mai kallo ya fara zargin idonsa, yana tambayar kansa ko hannun nan a wurin yake ɗazu. Darakta bai saka kiɗan tsoratarwa mai yawa ba, ya bar jira ya yi aikinsa. Na biyun, When Evil Lurks na 2023, wanda ya lashe babbar kyauta a bikin finafinai na Sitges da ke Sifaniya, ya fi zafi nesa ba kusa ba. A duniyar fim ɗin mutane sun san dokokin da ake bi idan mugun ruhi ya shiga jikin wani, kamar kada a harbe shi da bindiga kuma kada a kunna fitilar lantarki a kusa da shi, amma gaggawa da fushi suna sa kowa ya karya su. Fim ne da ba ya tausaya wa yara ko dabbobi, kuma duk wanda ya san zuciyarsa ba za ta ɗauki ganin haka ba, gara ya tsallake shi.

Host kuwa misali ne na yadda ƙarancin kayan aiki yake zama ƙarfi. Rob Savage ya shirya shi a Birtaniya a lokacin kullen korona na 2020, kowane ɗan wasa yana gidansa, kuma duk abin da ake gani yana faruwa ne a allon kiran bidiyo na Zoom. Ƙawaye ne suka ɗauki wata mai kiran ruhohin matattu don su rage zaman kaɗaici, ɗaya daga cikinsu ta ƙirƙiri labarin ƙarya don zolaya, ƙaryar ta buɗe ƙofa ga abin da ba a gayyata ba. Hikimar fim ɗin ita ce ya yi amfani da kayan wasan manhajar Zoom kanta. Akwai abin rufe fuskar nan na zane da yake manne wa fuskar mutum idan kyamara ta gane ta, sai ga shi ya manne a iska, a tsakiyar ɗakin da babu kowa. Mai kallo yana raba idonsa tsakanin ƙananan tagogi, yana leƙen duhun da ke bayan kowace fuska, kuma da yake fim ɗin bai kai awa ɗaya ba, ya ƙare kafin dabarar ta gundure shi. Wannan fim a kwamfuta ya kamata a kalle shi, domin a babban allo rabin tasirinsa yana zubewa.

La Llorona na Jayro Bustamante, daga Guatemala a 2019, wani irin tsoro ne dabam, mai tafiya a hankali. Labarin wani tsohon janar ne da kotu ta samu da laifin kisan ƙare dangi a kan 'yan asalin ƙasar na ƙabilar Maya, sannan aka soke hukuncin, kamar yadda ya faru a zahiri da tsohon shugaban mulkin soja na ƙasar, Efraín Ríos Montt, a 2013. Masu zanga-zanga sun kewaye gidansa dare da rana, masu aikinsa sun watse, wata sabuwar 'yar aiki mai yawan shiru ta shigo, shi kuma yana jin kukan mace da dare. A nan mai kallo yana goyon bayan fatalwar ne, abin da ba kasafai ake samu ba, kuma shaidar da wata dattijuwa ta bayar a kotu fuskarta a lulluɓe ta fi kowane fage na aljanu nauyi. Daga nahiyar Afirka akwai Saloum na 2021, wanda Jean Luc Herbulot ya shirya a Senegal, game da sojojin haya uku da suka tsere daga juyin mulkin Gini Bisau na 2003. Rabinsa na farko ya fi na biyu, domin da dodannin suka bayyana a fili sai kwarjininsu ya ragu, amma fim ne mai kuzari da ya cancanci kallo.

Ba duk abin da aka yi wa shela ne ya gamsar da ni ba. Skinamarink, wanda Kyle Edward Ball ya ɗauka a gidan da ya tashi a birnin Edmonton na Kanada da kuɗin da bai wuce dala 15,000 ba, yana da tunani mai kyau ƙwarai: yara biyu sun farka cikin dare sun tarar babansu ba ya nan, ƙofofi da tagogin gidan kuma suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Sai dai minti ɗari ana nuna wa mutum silin da kusurwar bango da hasken talabijin ya yi yawa, kuma tsoron da aka gina a rabin awar farko yana rikiɗewa ya zama gyangyaɗi. Wasu suna ɗaukarsa gwaninta, ni kuwa ina ganin gajeren fim ne aka ja shi har ya tsinke.

Babbar matsalar ita ce abin da ke ƙarƙashin waɗannan fitattun. Idan mutum ya gama da su, sai ya faɗa cikin tarin finafinai masu arha waɗanda ba su da abin bayarwa sai jini da ƙara, labarinsu ɗaya, na matasan da suka shiga daji ko wani tsohon gida suna mutuwa bi da bi. Tambarin da manhajar take sa wa finafinan da ta mallaka ba ya tabbatar da inganci, domin a ƙarƙashinsa ake samun gwal, a ƙarƙashinsa kuma ake samun tarkace. Tsofaffin finafinan da suka kafa wannan fanni suna zuwa ne suna tafiya gwargwadon yarjejeniyar haƙƙin mallaka, saboda haka ba rumbu ba ne da za a dogara da shi. Akwai tashar da take nuna finafinai a jere ba tsayawa kamar talabijin, wadda take da amfani ga wanda ya gaji da zaɓe, akwai kuma shirin The Last Drive-In na Joe Bob Briggs, wanda yake katse fim yana ba da tarihinsa. Da aka fara shi a watan Yuli na 2018, yawan masu kallo ya sa na'urorin manhajar suka kasa ɗauka. Masoyansa suna da yawa, amma barkwancinsa na Amurkawa ne zalla, kuma katse fim yana kashe ainihin jiran da tsoro yake rayuwa a kansa, don haka bai dace da kallon farko ba.

Yawancin finafinan da na yaba ba da Turanci aka yi su gaba ɗaya ba, saboda haka sai mutum ya kasance mai jure karanta fassara a ƙasan allo. Wanda ba ya son wannan zai rasa mafi kyawun abin da ya biya wa kuɗi. Shawarata ita ce a biya na wata ɗaya ko biyu maimakon na shekara, a fara da Host saboda gajartarsa, a bi da Terrified da La Llorona, a ajiye Speak No Evil sai ranar da ba a da niyyar yin barci da wuri. Kafin a biya kuma a duba jerin finafinan ƙasar da ake zaune, domin abin da ake nunawa a Amurka ba lallai ne a same shi a Birtaniya ko Ostireliya ba.