GARGAƊI: Mai sayar da "Dala'ilun Timbuktu" ya cinye mini N1,400,000

Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana tara rabona da barcin kirki. Na rubuta wannan abu na goge ya fi sau biyar saboda kunya, amma jiya na ga mutumin ya buɗe wani shafin a Facebook da sabon suna, ya ɗora hotunan wani littafin, sai na ce wallahi ba zan yi shiru ba. N1,400,000 ya karɓa a hannuna. Kuɗin da na shekara biyu ina tarawa.

Kafin masu cewa "ai kai ka so" su fara, ku sani ni ba baƙon littafin hannu ba ne. A gidanmu na tashi na ga Alƙur'anin kakanmu a cikin gafaka, warƙa warƙa ba ɗinki, da jan wasalinsa da zayyanarsa. Na san ƙamshin tsohuwar takarda. Ba daga sama na faɗa wa abin ba.

Abin da ya nuna mini Dala'ilul Khairati ne, na Shehu Jazuli, wanda ya rasu a Maroko a 1465. Ya ce an kwafe shi a Timbuktu shekara ta 905 bayan hijira, zamanin Askiya Muhammadu, sarkin daular Songhai, ga tarihin nan rubuce a warƙar ƙarshe. Ya ce lokacin da 'yan bindiga suka kama Timbuktu a 2012, aka riƙa fitar da littattafai a ɓoye cikin akwatunan ƙarfe zuwa Bamako, to wannan yana cikin waɗanda iyalin masu shi suka riƙe. To ai wannan labarin gaskiya ne, an yi haka, kowa ya ji a rediyo, har ƙona wasu aka yi a cibiyar adana littattafai ta Ahmad Baba da ke Timbuktu a watan Janairun 2013. Ya ɗauki gaskiya ya naɗe ƙaryarsa a ciki, ta yaya zan gane?

Ranar da muka haɗu ita ce ta ƙi fita daga raina. Na miƙa hannu zan ɗauka, sai ya janye, ya ce: "Alhaji, kana da alwala?" Na ce a'a. Ya ce to sai na yi. Shi ma ya tashi ya sake tasa, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya kwance igiyar fatar a hankali yana salati. Kana da alwala. Wannan kalmar ce ta ci ni. Mutumin da ya hana ni taɓa littafi babu tsarki, yaya za a yi in zarge shi da ha'inci? Ko yanzu in na rufe ido sai in ga yatsunsa a kan igiyar nan.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin nan na riga na tura masa 200,000 na kafin alƙalami, wai akwai wani Balarabe da ke neman littafin. Na tura ne bayan kiran bidiyo na biyu da muka yi, wanda ya juya mini warƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. Sauran 1,200,000 a wurin na tura, yana zaune a gabana. Duka N1,400,000. Rasit ɗin banki yana nan, zan ɗora shi tare da hirarmu ta WhatsApp da muryoyin da ya turo, ina rufe lambobin asusuna ne kawai.

Abin da ya fi tafiya da hankalina shi ne bayan warƙar farko. Rubutu uku ne a wurin, kowanne na cewa wane ɗan wane ya mallaki littafin nan. Na farko wai malami a Timbuktu, na biyu wai ya saye shi a Agadas, na uku wai ya gaje shi a Katsina. Ya bi su da yatsa yana karanta mini kamar mai jero sunayen kakanninsa. Ga kuma shafi biyu masu ado, an kewaye su da ruwan zinariya, an zana Masallacin Madina. Mahaifina kullum daren Juma'a sai ya karanta Dala'ilu, shekarunsa sun ja, shi na saya wa. Ban saya don in ci riba ba, Allah ne shaidata.

Wani dattijo ne ya tona asirin, mai rubuta Alƙur'ani da hannu tun ban zo duniya ba. Na kai masa ne don ya sa albarka. Ya ɗaga warƙa ɗaya ya kara ta da hasken taga, ya ce in matso. Ga jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar. Ya ɗaga wata, ga sunan masu yin ta da boko, Andrea Galvani. Ya ce: "Ɗana, wannan takardar Italiya ce ta ƙarni na 19, irinta muka gada da yawa." Na ce Allah gafarta Malam, to tarihin 905 ɗin fa? Bai amsa ba. Ya juya zuwa rubutun masu mallaka, ya ce in dubi yadda aka ja wutsiyar lam a duka ukun. Hannu ɗaya ne, tawada ɗaya. Mutum uku da aka ce ɗaruruwan shekaru ne tsakaninsu.

Sai zanen Madina. Kubbar kore ce shar. Kubbar nan ba a shafa mata koren fenti ba sai 1837, zamanin Daular Usmaniyya. Na san wannan! Na taɓa karantawa! Amma ranar idona na kan zinariyar, zinariyar da Malam ya goga da bakin farce ta biyo shi, fentin gwangwani ce. Warƙar tarihin kuwa ƙari ce, da ruwan shayi aka rina ta.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Malam ya ce asalin littafin na gaskiya ne. Wani bawan Allah ne a ƙasarmu ya zauna ya rubuta shi da tawadar bagaruwa da ƙaro, wataƙila shekara ɗari da wani abu, da ɗan adonsa na ja da ruwan ɗorawa. Wannan azzalumin ya samo shi, ya cire warƙar ƙarshe inda mai rubutun zai sa sunansa ya roƙi addu'a, ya lafta fenti a kan zayyanarsa. Ya cuce ni, ya cuci mamaci.

Na kira shi a daren, waya a kashe. Washegari ya toshe ni. Ɗakin da muka haɗu ashe na kwana biyu ya kama. Na kai ƙara, an ce in jira.

In an kawo muku irin wannan, ku kara takardar da haske, ku kai wa masu rubutun hannu ko masana irin na Arewa House a Kaduna su duba kafin ku ba da ko kwabo. Kar ku biya kafin alƙalami.

Wanda ya taɓa sayen wani abu a hannunsa ya yi mini magana ta akwatin saƙo, mu haɗa shaidu. Hotunan suna tafe da daddare in sha Allahu. Littafin yana cikin durowata, kuma har yanzu ban iya gaya wa Baba ba, shekaranjiya ma sai da ya tambaye ni ina tsarabar da na ce zan kawo masa.