Kayan facin jirgin faiba da na saya: resin ɗin ya yi, takardarsu ce ta ja min asara

Jirgin faiba na kawuna ne da muke tsallakar da fasinja da shi a Yauri ya daki kututture ya tsage ta ƙasa, tsawon kamar taƙi ɗaya, kullum muna cikin kwarfar ruwa. Mai gyaran da muka saba kira ya yi tafiya, sai na ce bari in gwada da kaina, na yi odar kaya daga Legas aka sako min a mota: resin na poliyesta (ruwan gam mai kauri da ke sandarewa) kilo 4, 'yar kwalbar hadina wato MEKP (maganin da ke sa resin ya sandare), tabarmar faiba mai giram 450, sai asiton na goge-goge. Ni dai iyakacina kallo a YouTube, ban taɓa riƙe aikin ba.

Takardar da suka haɗo da ita ta ce hadina kashi 2 cikin 100, kana da minti 15 zuwa 20 kafin ya kama. Ashe wannan lissafin na wajen digiri 25 ne, ni kuwa watan Afrilu ne da azahar a bakin kogi, na dama rabin gwangwani a tashi ɗaya, hadinan ma ban auna ba, da ido na zuba shi. Wallahi ban gama jiƙa shimfiɗar farko ba ya koma kamar tuwon da ya kwana, gwangwanin ya ɗau zafi har ba ya riƙuwa, ga hayaƙi, buroshina ya mutu a ciki. Kawu na zaune a inuwa ya ce, "Kai yaro, wannan hayaƙin na kuɗina ne ko?"

Washegari bayan asuba na sake sabon zubi. Na samo sirinji a kemis, giram 250 na resin na sa masa hadina mililita 3 kawai, kofi kofi nake damawa. Kafin nan na ci wajen da sanfefa mai lamba 80, na kwantar da bakin tsagar ya yi gangare, na bar shi ya bushe ƙayau don resin ba ya shiri da danshi ko kaɗan, sannan na goge da asiton. Shimfiɗa 3 na yi. Abin da ya fi ba ni sha'awa, tabarmar fara ce sol amma da ta sha resin sai ta koma garai-garai kana hango ƙasanta, duk inda ka ga fari-fari to iska ce ta maƙale, sai ka bi da buroshi kana dannawa, ba shafawa ba.

Ƙorafina ga masu kayan, babu 'yar rolar fitar da iska, babu safar hannu, kuma ko layi ɗaya ba su rubuta cewa hadinan nan idan ya shiga ido zai iya makantar da mutum ba. Warin resin ɗin ma yana hawa kai, a sa takunkumi. Ƙaiƙayin faiba kuwa ba a magana, kwana biyu ina susar hannu kamar mai ƙazwa, laifina ne da na yi gugar da singileti.

Tauraro 4 cikin 5 na ba su. Sati uku ke nan jirgin na kan ruwa ko ɗigo babu, saura in shafa jelkot, wato fentin kariya na bayan jirgin faiba, a saman facin, shi ma bai zo cikin kayan ba sai na sake oda.