Kafin ka biya kuɗin manhajar sa ido kan PostgreSQL

Idan INSERT, wato umarnin saka sabon layi a teburi, ya fara jan ƙafa a rumbun bayanai na PostgreSQL, abin da yakan fara faɗo wa mutum shi ne ƙara ƙarfin saba ko sayen manhajar sa ido. Ni dai shawarata a dakata tukuna. Sau da yawa ba saka layin ne ke cin lokaci ba. Wata tiriga ce, wato aikin da ke tashi da kansa duk lokacin da aka saka layi, maƙale a bayansa, tana bin wani teburi daga farko har ƙarshe, layi bayan layi, saboda babu fihirisa (index, mai saurin gano layi) a kan ginshiƙin da take nema. Sabon saba ba zai warkar da wannan ba, zai dai ɓoye shi na ɗan lokaci.

EXPLAIN ANALYZE, umarnin PostgreSQL da ke nuna yadda aka aiwatar da wani umarni da lokacin da ya ci, kyauta ne, kuma da shi ake fara gwaji. Yana nuna daƙiƙun da kowace tiriga ta ci. Sai dai a kiyaye, da gaske yake aiwatar da umarnin, don haka a sa shi tsakanin BEGIN da ROLLBACK, domin a soke canjin da ya yi. Gazawarsa ita ce ba ya buɗe abin da ke gudana a cikin tirigar.

A nan ne auto_explain, wani ƙari da ke rubuta tsarin aiwatar da umarnin da ya yi jinkiri, ya fi min komai. Tun sigar 8.4 ta 2009 yake zuwa tare da PostgreSQL. Ka kunna log_nested_statements don ya haɗa da umarnin da ke cikin tiriga, ka ce ya rubuta duk umarnin da ya wuce, misali, rabin daƙiƙa, sai ka ga Seq Scan ɗin da ke ɓoye, wato bin teburi layi bayan layi, ƙarara a cikin log, fayil ɗin da saba ke rubuta abin da ya faru. Idan ka haɗa da log_analyze, mai auna ainihin lokacin kowane mataki, zai iya ƙara wa saba nauyi sosai, saboda haka kada a bar shi a kunne ba dalili.

Shi kuwa pg_stat_statements, jimilla yake bayarwa: wane umarni ya fi cin lokaci a tsawon kwanaki. Kunna shi na bukatar sake tayar da saba.

Manhajojin da ake saya kamar pganalyze da Datadog suna ajiye tarihi da zane-zane, kuma da dala ake biyansu. Sun dace da kamfanin da ke da sabobi da yawa. Percona Monitoring and Management kyauta ne, amma kai za ka ɗauki ɗawainiyar girka shi da kula da shi. Mai rumbu ɗaya, ya fara duba seq_scan a pg_stat_user_tables, inda ake nuna sau nawa aka bi kowane teburi layi bayan layi, ya gudanar da ANALYZE don sabunta ƙididdigar teburin idan ta tsufa, sannan ya kunna auto_explain.