Mota mai ja da tayoyin baya ko mai ja da na gaba: wacce ta fi ƙwace wa direba?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske BMW 3 Series ta fi Toyota Corolla haɗari, tunda BMW ɗin ta juya da ƙaninka a kwana ranar da aka yi ruwa har ya bugi mai babur, abokansa kuma suna ta cewa halin motar ne. Allah ya ba wanda aka buge lafiya.

Bambanci kam akwai shi. Tun fitowar 3 Series a 1975, asalinta da tayoyin baya take ja, na gaba aikinsu bin sitiyari. Nauyinta kusan rabi gaba rabi baya ne, shi ya sa idan ka shiga kwana take bin hannunka kamar ta san abin da ke ranka. Ni ma ina sonta, ba zan ɓoye ba. Amma ka taka totur da ƙarfi a tsakiyar kwana, kwalta da santsi, sai tayoyin baya su saki ƙasa, bayan motar ya nemi wuce gabanta. Wanda bai saba ba sai ya firgita, ya fizgi sitiyari ko ya danne birki, shi ke nan ta yi ta juyi da shi kamar katantanwa.

Corolla kuwa tun 1983 yawancinta suka koma ja da gaba, injin na zaune bisa tayoyin da ke ja. Idan gudu ya yi yawa a kwana, ƙin lanƙwasawa take yi, ta miƙa hanci waje. Kana ɗaga ƙafa daga totur, galibi sai ta dawo hanya. Ta fi yi wa ɗan koyo afuwa.

To amma maganar abokan nan ba ta kwanta mini ba. A 1995 Bosch da Mercedes suka fito da na'urar da ke kama birkin taya ɗaya ita kaɗai da zarar mota ta fara zamewa. BMW na kiran tata DSC, Toyota na kiran tata VSC. A BMW akwai maɓallin kashe ta, kuma shi samari ke dannawa idan za su burge juna da hayaƙin taya. Ka tambayi ƙaninka, ido cikin ido, ko a kunne take ranar. Ka tsuguna ka duba tayoyin baya, ka sa yatsa a zanensu. A Turai doka ba ta yarda zurfinsa ya gaza milimita 1.6 ba, domin tayar da ta suɗe ba ta korar ruwa, yawo take a kansa.

Sai gudu. A kilomita 100 a awa, mota na cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa, kuma idan ka ninka gudu biyu, tazarar da birki ke buƙata ninkawa huɗu take yi, ko wane tambari ne a goshin motar.

Idan canja masa mota kake tunani, Corolla ta fi dacewa da hannunsa yanzu. Kafin nan, ka kama hannunsa ku je asibiti ya ga mutumin da idonsa, ya ɗauki nauyin magani da gyaran babur, ya kuma faɗa wa 'yan sanda gudun da yake yi ba tare da ya rage ba. Makullin kuma ya zauna a aljihunka tukuna.